Dangwalen Inna a Rajistar Alhamis

"Mai ciwon suga, me zai duba kowace safiya?" na tambayi matan da ke zaune a gindin bishiyar bedi.

"Ƙafafunsa!" suka amsa baki ɗaya.

Daga Zinder aka turo ni garinmu Garagumsa in auna yadda ma'aikacin lafiya Mai Nasara ke koyar da masu ciwon suga duk Alhamis. Tare muka yi karatu a lakwal da shi. Shi na damƙa wa amanar mahaifiyata ranar da aka gano tana da ciwon.

Ya miƙo mini rajista. Ga sunan mahaifiyata Inna Jummai, ga dangwalen yatsanta, Alhamis goma sha biyu babu fashi.

"Yau ce kawai ba ta fito ba, Madam Aliya. Gajiya ce," ya ce.

Na ba shi maki ashirin bisa ashirin, na sa hannu, na wuce gida in gaishe ta.

Wari ne ya tarbe ni tun daga bakin ɗaki. Ƙafarta na naɗe da tsumma. Na kwance shi. Yatsu biyu sun yi baƙi ƙirin.

"Inna! Ba a gaya muku ku riƙa duba ƙafa ba?"

"A ina, 'yar nan?"

"A zaman Alhamis mana!"

Ta yi murmushi.

"Ai ban taɓa zuwa ba. Mai Nasara yaron kirki ne. Ya ce bai kamata uwar Madam ta zauna cikin rana ba. Har gida yake kawo mini takardar in dangwala."