Diyyar Fakaia

A mashigin ruwan nan Selina Maeta ta rasa mijinta Fakaia da kwalekwalensa. Abin da ta samu shi ne baƙi biyu a ƙofar gida: hafsan sojan ruwa mai fararen kaya, da tafintansa.

Mashigin na dangin Fakaia ne tun kaka da kakanni. Da suka rufe shi don kifi ya hayayyafa, sai suka kafa sanda da ganyen kwakwa a bakinsa. Duk mai hankali in ya ga ganyen sai ya juya. Shi ya sa da wani jirgin yaƙi ya doso, Fakaia ya tuƙa ya tsaya tsakiya yana ɗaga ganye, bai ko yi shakkar za a tsaya ba. Igiyar ruwan jirgin ce ta maka shi a kan dutse.

Hafsan ya zauna a tabarma, ya yi bayani. Tafintan ya tsuguna can gefe, kansa a ƙasa, yana fassarawa da harshen garin tsaf.

"Ya ce dokar duniya ta ba kowane jirgi damar wucewa, in dai ba da faɗa ya zo ba."

"Ba da faɗa ba?" Selina ta tofar da goron da take taunawa. "To da ya zo da faɗa, garin zai haɗiye? Tambaye shi."

Aka yi mata tayin jirgi mai inji. Ta ce ba ta auri inji ba. Aka ƙara da kwanon rufi. Ta ce su rufa wa uwarsu. Duk wannan ciniki ko sau ɗaya ba ta dubi tafintan ba.

"Ƙaton ƙarfen nan makaho ne," ta ce. "Duwatsun mashigin nan, sai wanda aka koya wa tun yana goye. Wani ne ya tsaya kusa da matuƙi yana nuna hanya, ya ga ganyen, ya san ma'anarsa, ya yi shiru. A nan, in an kashe mutum, mutum ake bayarwa ya zauna a gurbinsa, ya kama kifi, ya ciyar da gidan har ya mutu. Shi nake so."

Tafintan ya fassara maganar.

Hafsan ya ce ba a biyan diyya da ma'aikaci.

"To ku dawo. Za ku tarar da matan garin nan kaf a mashigin, da goyonsu. Ku bi ta kanmu, mu ga ko dokar taku ta yarda."

Hafsan ya daɗe yana sharce gumi. Daga bisani ya gyaɗa kai.

Sai a lokacin ta juyo ta dubi tafintan.

"Na karɓa. Cire musu hularsu, Suinao ɗana, ka shiga ciki. Ragar ubanka na nan inda ya rataye ta."