Hukuncin Mai Kwanan Rumfa

Ɗan doka ya gurfanar da wani tsoho gaban mai gari. Laifinsa kwana a rumfar mahauta, tun da damina ta rushe masa ɗaki.

"Ranka ya daɗe, a kai shi gidan yarin Dutsin-Ma?" in ji ɗan doka.

Mai gari ya dubi tsohon. "Baba, kana da maƙwabta?"

"Akwai su, Allah ya taimake ka. Har gaishe ni suke yi."

"Madalla. Su za a kamo, kowa da hauyarsa."

Da safe gangar gayya ta tashi garin. Tsohon yana zaune a inuwa, yana kallon bangonsa na tasowa, ɗan doka ya naɗe wando yana taka ƙasa.

Tsohon ya ce masa, "Ɗan nan, ƙara ruwa. Ba ta kwaɓu ba."