Ranar da Na Kulle Koci a Waje

Ƙarfe shida daidai na kulle ƙofar zauren ƙwallon kwando. Dokar Koci Odessa ce, shekara talatin tana horar da 'yan matan jami'armu: duk wadda ta makara ta tsaya waje.

Yau ake karrama ta, za ta yi ritaya. Kuma ita ce ta makara.

Shugaban jami'a ya kasa zama. "Renita, kin haukace? Ke fa mataimakiya ce! Buɗe, ko ki manta da kujerarta."

Aka ƙwanƙwasa. "Ni ce, yarinya."

Na ce, "Kin makara, Koci."

Sai ta turo usur ɗinta ta ƙarƙashin ƙofa.

"Mataimaka uku na yi wa haka, duk sun buɗe. Ɗauki, 'yan matan naki ne."