Maɗorin Sabuwa

Kwana biyu ke nan da Gide ya faɗo daga kan rumbu, ƙafarsa ta dama ta karye. Uwarsa Dada ba ta da kowa sai shi. In ƙafar nan ba ta ɗoru ba, gonarsu ta mutu, ita ma ta shiga uku. Sai ta ba 'yan kasuwa sallahu zuwa Sabuwa, a roƙo mata Malam Nata'ala, maɗorin da duk garinsu Tafoki an san sunansa, amma ba wanda ya taɓa ganin fuskarsa.

Daminar 1955 ce, rafin hanyar Sabuwa ya cika maƙil. Matafiyi sai ya tuɓe, mai fito ya haye da kayansa cikin masaki, sannan ya dawo ya ɗauke shi.

Da hantsi Almu, maƙwabcin Dada, ya hango baƙo yana sauri zai wuce gari: babbar rigar saƙi, rawani fari ƙal, jakar fata a kafaɗa. Ya sha gabansa, ya durƙusa.

"Malam Nata'ala ne?"

Baƙon ya ce, "Shi ne."

Wayyo, zo ka ga rawar jiki! Aka kai shi gidan Dada, aka shimfiɗa sabuwar tabarma, Dada ta sa aka yanka zakaranta ɗaya tilo. Rigar na jan ƙasa, ta ce ai haka rigar manya take. Ya zazzage jakar, ya daɗe yana jujjuya karare da tsumma, ta ce ka ji nutsuwar masu sani.

Ya kama ƙafar Gide ke nan sai ga wani ya faɗo zaure, daga shi sai bante, kai ba hula, laka har gira. Yana haki yana ihu, "Kada ku bari ya taɓa ƙafar nan!"

Dada ta rarumi muciya. "Gidan jinya za ka yi mana hauka, tsinanne?"

"Baiwar Allah, ki saurare ni..."

Ina! Wa ke sauraron mai bante? Almu ya shaƙe shi ya wurgar waje, samari suka raka shi da jifa har bayan gari.

Mai rawani ya ja ƙafar, Gide ya yi ƙarar da ta tayar da kajin unguwa. Aka ɗaure tamau. Ya cinye zakara, ya sa albarka, ya kama hanyar Ƙanƙara.

Ƙafa ta kumbura, ta yi baƙi, ta fara wari. Ran kwana na tara aka kai Gide makwancinsa.

Baƙin ciki ya hana Dada zama. Ana share makoki ta ɗaura gyale, ta taka har Sabuwa, ta rantse sai ta tsine wa wanda ya kashe mata ɗa, ido da ido. Aka nuna mata gidan. Zaure cike da masu karaya, wani dattijo yana duƙe yana ɗora hannun wata mata.

"Ina Nata'ala, azzalumi?" ta ce.

Dattijon ya ɗago. Dada ta gane fuskar nan, ta mai bante ce, laka kawai aka wanke.

"Ga ni, baiwar Allah," ya ce a hankali. "Mai fito ne ya haye da kayana bai dawo ba, na yi iyo na biyo shi. Ya ƙafar ɗan naki?"