Wanda Ya Toshe Kwata

Guduma ta farko da aka buga wa simintin, sai da Uwar Tagwaye ta ji ta a ƙirjinta.

Shekara biyu ta yi tana jiran wannan Asabar. Babbar kwatar unguwa ta bi ta bayan siton wani attajiri, a nan kuwa wani marar imani ya zuba mata siminti don manyan motoci su sami wurin juyawa. Tun daga lokacin, ruwan masu gidajen tudu ya rasa hanya, sai ɗakunan talakawan gangare. Damina ta uku ta ci gida goma sha ɗaya da mutum guda, mijinta.

Baban tagwaye magini ne mai shiru-shiru, wanda da hadari ya haɗo sai loma ta ƙi wuce masa. Ranar ambaliyar, bayan la'asar, kowa na gudu tudu, shi kuwa ya miƙa mata yaran, ya sungumi guduma ya nufi inda ruwan ya fi ƙarfi. Washegari aka tsince shi a bakin kwata. Unguwa ta ce gwarzo ne.

Tana fita takaba ta rufe keken ɗinkinta ta shiga gida-gida. Ta haɗa mata suna kwashe ledoji daga ƙananan magudanai duk mako. Ta tara dangwalen mutum ɗari uku, ta yi ta jelen ofis har masinja ya laƙaba mata Hajiya Kwata. Attajirin ya ce shi haka ya sayi wurin. Da ƙyar da jiɓin goshi takardar izinin fasawa ta fito.

Abu ɗaya ne ba ta faɗa wa kowa ba. Duk ran da gari ya lumshe, takan ji bugun guduma daga wajen kwata, sau uku, sannan shiru. Ta leƙa ya fi a ƙirga, ba kowa.

Yau maza sun yi awa guda suna duka, banda tartsatsi ba abin da ke fita. Sai ga Dogo, abokin aikin marigayi, wanda tun ranar gaisuwa bai sake taka gidanta ba, in ya hango ta ma sai ya sauya layi. Ya rame, riga na yawo a jikinsa. Ya karɓi guduma bai kalli kowa ba.

"Ba nan ba, nan rodi ne," in ji shi. "Ku koma hagu, taku biyu daga bango. Can yashi ya fi yawa."

Bugu na bakwai simintin ya dare. Baƙin ruwan da ya shekara biyar a kwance ya motsa, ya tura wari gaba, ya kama tsohuwar hanyarsa. Mutane suka toshe hanci suna dariya. Wata tsohuwa ta zauna a kan bulo tana kuka.

Uwar Tagwaye ta kai wa Dogo ruwa a kofi. Ya karɓa, bai sha ba.

"Allah ya saka da alheri, yaya," ta ce. "Amma wanda ya yi wannan aika-aika, ban yafe ba duniya da lahira. Ba sallar da zan yi ban kai ƙararsa ba."

"Ki yafe, ƙanwata."

"A kan me? Ya maraita min 'ya'ya."

Dogo ya kalli ruwan da ke wucewa ƙarƙashin ƙafafunsu, sannan ya ajiye kofin a ƙasa.

"Ni na kwaɓa simintin nan," ya ce a hankali. "Wanda ya zuba shi kuwa, shekara biyu ke nan kina nema masa rahama kina kuma tsine masa a kan sallaya ɗaya. Baban tagwaye ne."