Reshen da Ya Karkata Yamma

Tun shekarar da irin wiwi ya daina tsiro, sai dai a yanko reshe a dasa. Kowa kuma ya san halin dashen: ba rana yake bi ba, inda uwarsa take can yake karkata.

Da likita ya ce ganyen wiwin ne kaɗai zai sauƙaƙa wa Malam Sama'ila ciwon ƙashin da ya hana shi sujada, matarsa Tabawa ta kawo reshe a tsohuwar tukunya, ta ce daga asibiti ne. Asibiti yana gabas. Reshen kuwa yana kama ƙasa ya sunkuya yamma, wajen bayan tasha, inda ɗansu na fari yake zaune tun ranar da Malam ya kore shi a gaban jama'a saboda wannan ganyen.

Kullum da safe sai ta juya tukunyar. Kafin la'asar ya koma.

Yau tana tsugune tana juyawa ta ji tarin Malam a bayanta. Ya dafo bango ya fito, abin da ya daɗe bai iya ba.

"Malam, inuwa nake gyara masa," ta ce, ba ta ɗago ba.

"Bar shi haka, Tabawa. Za ki karya shi."

Ta saki tukunyar. Ya jima yana kallon inda ganyen ya nuna, yana murza hularsa a hannu.

"Da kika je," ya ce a hankali, "ya tambaye ni?"

"Cewa ya yi kada in gaya maka, kar ka ƙi sha."