Keke Biyu a Gidan Zakka

Zakka direban adaidaita sahu ne. Daga Kwaciri yake fitowa da sassafe, ya wuni yana jigilar dilolin atamfa daga Kantin Kwari zuwa tasha. Matarsa Biriskila tela ce, tana aiki da keken ɗinkin da ta gada wajen mahaifiyarta. Ita ke ɗinka wa matan zumunta na cocinsu anko. Da wannan abin hawa da wannan keke gidan yake ci, da su yara suke zuwa makaranta.

Abu ɗaya ne ya shiga ran Zakka, ƙwallon kwando ta Amurka. Idan aka shiga wasannin fitar da gwani na ƙarshen kaka, ba ya wuce gidan kallon Innocent a Sabon Gari, inda ake maimaita wasan jiya da yamma, a zauna ana musu a kan na gobe. Bara ya faɗi ƙungiyar da za ta ɗauki kofi, aka kuwa dace. Tun daga ranar ake ce masa Malam Tabbas, shi ma ya yarda da sunan.

Tsarin wasan shi ne ƙungiyoyi biyu su yi ta karawa, wadda ta fara cin wasa huɗu ita ce ta wuce. Bana masu koriyar riga, waɗanda Zakka ke goyon baya, sun ci uku, masu jar riga sun ci ɗaya.

"An gama," in ji Zakka. "Jajaye su fara ɗaure kayansu."

Chibuike yana zaune a bayansa. Mai sayar da kayan gyaran babur ne, haifaffen Sabon Gari, kuma a filin bayan shagonsa Zakka da wasu direbobi suke ajiye abin hawansu idan sun tashi aiki.

"Malam Tabbas, surutu ai kyauta ne," ya ce yana dariya. "In ka tabbata, ajiye wani abu a ƙasa. Ni na sa sabon janaretana a kan jajaye."

Zakka ya tuna yadda wuta ke ɗaukewa a gidansu. Ya kuma ga idanun jama'a a kansa.

"Na sa keke," ya ce.

"Keke?"

"Keke. Kowa ya ji."

Innocent ya rage sautin talabijin. "Zakka, ƙwallo ba ta yi wa kowa alƙawari ba. Janye maganar nan tun ba ta yi nisa ba."

Bai janye ba, don yana ganin ya yi wayo. A Fagge, inda yake zaune, ba wanda ke kiran abin hawansa keke, adaidaita sahu ake cewa. 'Yan Sabon Gari ne ke ce masa keke. A ransa ya ce ko da abin da ba zai faru ba ya faru, sai ya ce keken ɗinki yake nufi, tsohon ƙarfe ne, a ɗauka. Suka tafa a gaban shaidu.

A wasa na gaba gwanin korayen ya gurɗe a idon sawu, aka fitar da shi yana ɗingishi. Suka faɗi. Suka sake faɗuwa. Zakka ya ce a jira na bakwai. Na bakwai ya zo, jajaye suka wuce.

Da safe ya je ɗaukar abin hawansa, ya tarar an zagaya tayar gaba da sarƙa an danna kwaɗo.

Ranar Lahadi bayan an tashi coci aka zauna a gidan kallon don a sasanta. Biriskila ta biyo mijinta da kayan cocinta a jiki, don ta roƙi Chibuike ya dubi yara. Ba ta kai ga buɗe baki ba Zakka ya miƙe.

"Ni ban ce adaidaita ba. Keke na ce. Keken ɗinki nake nufi, yana nan a gida."

Biriskila ta juyo a hankali ta dube shi.

"Baban Angel, nawa kake nufi ke nan?"

Ta miƙe ta matso kusa da shi.

"Na Innata? Shi ka sa?"

"Ai dabara ce, don kada..."

"Na ji," ta ce. Ta gyara ɗaurin kanta ta koma ta zauna.

Innocent ya ce, "Zakka, a nan aka yi maganar. A unguwar nan in direba ya ce keke, yaro ma ya san abin da yake nufi. Sannan mutum ba ya sa abin da ba nasa ba."

Chibuike ya ɗaga kafaɗa. "Da korayen ne suka ci, da janaretana yana gidanka yanzu. Ko za ka ce min a bar shi?"

Shaidu suka ce haka ne. Zakka ya kai kuka wajen shugaban direbobinsu, shi kuwa ya ce masa ƙungiya ba ta shiga rigimar caca, baki shi ke yanka wuya.

Washegari Biriskila ta tsayar da adaidaitar wani, aka ɗora keken ɗinkin, ta kai shi gidan yayarta Keziah. Ba ta yi faɗa ba, ba ta bar gidan ba. Kullum da safe takan tafi can ta yi ɗinkinta, ta dawo da yamma. Da Zakka ya ce mata ta dawo da keken gida ko don wahalar hanya, sai ta ce, "Bari ya zauna inda ba za a sa shi ba."

Yanzu Zakka yana nan a Kwari yana dako. Dilolin da yake ɗaurawa a bayan abin hawa, a kansa yake ɗaukar su. Wani lokaci tsohuwar adaidaitarsa takan wuce shi a mahaɗar Bata da wani direba a ciki.

Mai karatu, hasashe hasashe ne, ko wa ya yi shi, ko sau nawa ya taɓa dacewa. Kada ka ɗora abincin gidanka a kan wasan da ba kai ke bugawa ba. Caca ba dukiya kaɗai take ci ba, har da yardar mutanen da suke kwana ɗaki ɗaya da kai.